Daga Turu Zuwa Asibitin Unguwa: Sharhi Kan Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Cikin Al'umma

A farkon watan Janairun shekarar 2023 ne shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya rattaba hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar shekarar 1958, wadda ita kuma tushenta wata dokar Turawan mulkin mallaka ce ta shekarar 1916. Tsohuwar dokar ba ta ɗauki mai larurar ƙwaƙwalwa a matsayin majinyacin da ke da haƙƙin neman magani ba, abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne yadda za a tsare shi a nesanta shi da jama'a. Sabuwar dokar ta juya akalar al'amarin, domin ta tanadi kafa sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusun kuɗi na wannan fanni, ta kuma fayyace haƙƙoƙin majinyaci, ciki har da kare shi daga wariya da cin zarafi. Wannan sharhi yana duba tazarar da ke tsakanin abin da takarda ta faɗa a Abuja da abin da iyali ke fuskanta a ƙauye ko a lungun birni ranar da ɗansu ya daina barci ya fara surutai, domin a wannan tazarar ce mafi yawan majinyata suke faɗawa.

Abin da masana ke kira lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne yanayin da mutum ke iya jure wahalhalun rayuwa na yau da kullum, ya yi sana'arsa, ya koyi abin da ake koya masa, ya kuma zauna lafiya da iyalinsa da maƙwabtansa. Larurorin da ke gurgunta wannan yanayi suna da yawa, kuma wanda ake gani a bakin kasuwa da tsumma kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu fama da su. Akwai ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai nauyi da ke ɗaukar makonni yana hana mutum barci da cin abinci da sha'awar duk abin da ya saba jin daɗinsa. Akwai ciwon fargaba, inda tsoro da faɗuwar gaba ke addabar mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba. Akwai firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kamar harin 'yan bindiga ko haɗarin mota. Akwai kuma gushewar hankali, inda mutum ke jin muryoyin da wasu ba sa ji ko ya yi imani da abin da babu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya, wato kusan mutum miliyan 970, yana ɗauke da ɗaya daga cikin irin waɗannan larurori. A Najeriya, babban binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2006, wanda aka gudanar a yankunan da ake magana da Yarabanci, ya nuna cewa kimanin kashi 12 cikin 100 na manya sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma ko a cikin waɗanda larurarsu ta yi tsanani, waɗanda suka sami wani magani ba su wuce kusan 1 cikin 10 ba.

Dalilin wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, kuma wannan ɗan adadi yana ƙara zaizayewa saboda ƙaurar likitoci zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Waɗanda suka rage kuwa sun taru ne a manyan birane, a asibitocin koyarwa na jami'o'i da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, waɗanda a Arewa sanannunsu su ne na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, sai kuma na Dawanau a Kano. Iyalin da ke wani ƙauye a Jigawa ko Zamfara, idan suka yanke shawarar kai majinyacinsu ɗaya daga cikin waɗannan wurare, sai sun yi shatar mota, domin direban haya ba ya yarda ya ɗauki mai fisge-fisge a cikin fasinjoji. Sai sun sami maza biyu ko uku majiya ƙarfi da za su bar gonakinsu su raka shi. Sai sun tanadi kuɗin kati da na gado da na magani da na abincin mai jinya. Sau da yawa akuya ko buhun gero ne ke tafiya kafin a kammala wannan tafiya ta farko, kuma abin da ba a cika faɗa wa iyalin da wuri ba shi ne cewa tafiyar ba ɗaya ba ce, domin irin wannan ciwo yana bukatar a riƙa komawa ganin likita da karɓar magani wata bayan wata, wani lokaci na tsawon shekaru. A nan ne jinyar take yankewa: majinyaci ya sami sauƙi, magani ya ƙare, kuɗin mota ya gagara, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo, sai a yanke hukuncin cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Daga nan ne turu yake shigowa. Turu shi ne gungumen icen da ake fafe wa rami a zura ƙafar mutum a ciki, mari kuma shi ne ƙarfen da ake ɗaure ƙafafu da shi, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake ajiye irin wannan majinyaci a can ƙuryar gida ya san kamanninsa: tabarma guda, kwanon abinci da ake turowa daga bakin ƙofa, tagar da aka toshe don kada maƙwabta su ji ihu, da idon sawun da ƙarfe ya ci har ya zama gyambo. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, kuma a makonnin da suka biyo baya an buɗe wasu gidajen irinsa a Daura da wasu garuruwa. A ƙarshen shekarar 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa ya zama ruwan dare a sassan Najeriya, a wuraren masu maganin gargajiya da na addini, na Musulmi da na Kirista, har ma da wasu cibiyoyin gwamnati. Azabar da aka gano a waɗannan wurare ba ta da wani uzuri. Amma abin da aka yi saurin wucewa a kansa a lokacin shi ne cewa mafi yawan waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi, ba don ƙiyayya ba, sai don sun rasa inda za su nufa da ɗan da ke fasa kayan gida ko yake sace na maƙwabta don ya sayi ƙwaya. An rufe gidajen mari, ba a buɗe komai a madadinsu ba, saboda haka da wuya a ce bukatar da ta haife su ta gushe. Doka tana iya haramta mari, amma abin da zai cire shi daga ƙafar majinyaci shi ne samun magani a kusa da gida, a farashin da iyali za su iya jurewa na tsawon lokaci.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Najeriya, hasali ma a nan aka fara gwada ɗaya daga cikin fitattun misalansa a duniya. A shekarar 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya da ya yi karatun fannin a Ingila, ya ɓullo da tsarin ƙauyen Aro a kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyaci a bayan katanga, sai aka shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su ba shi masauki tare da wani ɗan'uwansa da zai zauna da shi, yana zuwa asibiti da rana a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a, ya ci abincin da ya saba, ya shiga hirar dandali. Masu gidajen suna samun kuɗin haya, ƙauyukan suna amfana da ayyukan raya ƙasa, kuma Lambo bai yi ƙyamar yin aiki tare da masu maganin gargajiya ba, abin da ya jawo masa suka daga wasu abokan aikinsa a wancan zamani. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, amma tsarin da ya sa aka san shi bai bazu a ƙasarsa ba. Abin da ya bazu shi ne gina manyan asibitoci. Wani nazari da Hukumar ta yi tare da gwamnatin Najeriya a shekarar 2006 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 kacal na kasafin lafiya na tarayya ne ke zuwa wannan fanni, kuma fiye da kashi 90 na wannan ɗan kaso manyan asibitocin ƙwaƙwalwa ne ke cinye shi.

A takarda dai an daɗe da amincewa da hanyar da ta dace. Tun shekarar 1991, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka sanya lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin rukuni na 9 na kiwon lafiya a matakin farko, wato aikin da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu ke yi, aka kuma sabunta manufar a shekarar 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta mai suna mhGAP a shekarar 2008, ta kuma fitar da littafin jagora a 2010, wanda ke koya wa ma'aikacin lafiyar da ba ƙwararre ba yadda zai gane manyan larurori, kamar ciwon damuwa da gushewar hankali da farfaɗiya da shaye-shaye, ya fara magance masu sauƙi, ya tura masu wuya gaba. Ana kiran wannan dabara rabon aiki, ma'ana a sauke wani ɓangare na aikin likita a kan ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da asibitocin ƙauyuka, likitan kuma ya koma mai horarwa da sa ido da karɓar abin da ya gagara.

Amfanin wannan horo yana fitowa fili idan aka lura da yadda mai ciwon damuwa ke gabatar da kansa a ƙaramin asibiti a ƙasar Hausa. Da wuya mace ta zauna gaban ma'aikacin lafiya ta ce tana cikin baƙin ciki, domin kunya da tarbiyyar haƙuri ba su ba ta wannan damar ba. Abin da za ta ce shi ne tsakiyar kanta na zafi, ƙirjinta ya yi nauyi, tana jin kamar kiyashi na yawo a jikinta, gabanta yana faɗuwa, barci ya ƙaurace mata. Ma'aikacin da ke da layin mutum 40 a waje zai rubuta mata gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot, ya ba ta maganin kashe zafi da na ƙarin jini, ta tafi, ta dawo bayan mako 3 da kuka iri ɗaya, daga nan ta koma kamis, daga kamis ta koma wurin mai ruƙiya. Tambayoyi uku ko huɗu ne suka raba ta da gano ciwonta: tun yaushe barci ya gagara, ko har yanzu tana jin daɗin zuwa biki da suna kamar da, me ya faru a gidan kafin ciwon ya fara, ko tunanin gara mutuwa yana zo mata. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ma'aikata suka fi jin nauyin yi, suna tsoron kada su cusa wa majinyaci tunanin da ba shi da shi, alhali binciken masana ya nuna cewa yin tambayar cikin natsuwa ba ya ƙara haɗari, sau da yawa ma shi ne ke buɗe ƙofar taimako.

Sai dai horo shi kaɗai bai taɓa wadatarwa ba, kuma a nan ne shirye-shirye da dama suka mutu. An saba ganin bitar kwana 5 a otal, a raba takardar shaida da kuɗin zama, ma'aikaci ya koma asibitinsa ya tarar babu ko ƙwayar maganin da aka koya masa rubutawa, babu gurbin larurar ƙwaƙwalwa a rajistar da yake cikewa duk wata, babu kuma wanda zai kira idan majinyaci ya rikice masa. Kafin shekara ta zagayo an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai san an taɓa yin wani horo ba. Magungunan da ake bukata a wannan mataki, irin su amitiriftilin na ciwon damuwa, da haloferidol na gushewar hankali, da fenobabiton na farfaɗiya, tsofaffin magunguna ne masu araha da ke cikin jerin muhimman magunguna na duniya, saboda haka rashinsu a asibitin mazaɓa matsalar tsari ce, ba ta tsada ba. Jihar Binuwai ta nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka, domin tun daga shekarar 2011 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin jihar da cocin Methodist da ƙungiyar CBM ya shigar da wannan hidima cikin ƙananan asibitoci, tare da ma'aikatan jinya masu horo na musamman, da asusun magani mai juyawa, wato a sayar da magani a farashi mai sauƙi a sake sayo wani da kuɗin, da kuma ƙungiyoyin taimakon kai da kai na majinyata da iyalansu.

Ba kowace larura ce ke bukatar ƙwaya ba. Ciwon damuwa da na fargaba marasa tsanani suna jin maganin tattaunawa, wato zama na musamman da aka tsara inda mai horo ke taimaka wa mutum ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wadda zai iya tunkara, ya kuma koma ga ayyukan da ya yi watsi da su. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su riƙa yin wannan aiki a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, kuma gwajin da aka wallafa a shekarar 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka sami kulawar da aka saba. A Pakistan, a karkarar Rawalpindi, an horar da mata ma'aikatan lafiya da ke shiga gida-gida su taimaka wa masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa, sakamakon da aka wallafa a 2008 kuma ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi tsarin. Wannan misali na biyu ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa, inda mace da yawa ba ta fita sai da izini, kuma wadda ke iya shiga ɗakinta ba tare da wani ya ɗaga gira ba ita ce ungozoma, ko malamar Islamiyya, ko ma'aikaciyar rigakafi. Hukumar ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, yayin da gushewar hankali ta jego, wadda ke bukatar asibiti cikin gaggawa domin ran uwa da na jariri na cikin haɗari, ke samun mace 1 zuwa 2 cikin kowace haihuwa 1,000. Al'adar wankan jego da komawa gida haihuwar fari ta riga ta kewaye mai jego da dattawan mata na kwana 40. Abin da ya rage shi ne su san cewa wadda ta ƙi shayar da jaririnta, ko take kuka ba dalili, ko ta kwana uku ba ta runtsa ba, ba sangarta take yi ba. Sharaɗi ɗaya ne zai iya rusa duk wannan tsari idan aka yi sakaci da shi, shi ne riƙon sirri, domin a unguwar da labarin tabin hankali a gida ke iya fasa auren 'yan matan gidan gaba ɗaya, mai ba da shawara guda mai sakin baki ya isa ya kori kowa.

Batun malamai da masu maganin gargajiya yana bukatar a yi shi da gaskiya. Mafi yawan iyalai wurinsu suke fara zuwa, domin suna kusa, ana iya biyansu da abin da ya sawwaƙa, kuma bayanin da suke bayarwa, na iska ko sammu ko kambun baka, ya dace da yadda iyalin suka fahimci duniya. Ma'aikacin lafiyar da ya buɗe baki da ƙaryata wannan fahimta ya yi asarar majinyacin tun kafin ya fara. Gwajin da Farfesa Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, wanda aka wallafa a shekarar 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan ƙananan asibitoci, inda ma'aikacin ke ziyartar majinyatan da ke kwance a wurin mai maganin yana ba su maganin asibiti, kuma waɗanda suka sami wannan kulawa ta haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Darasin da ke ciki shi ne ana iya yin yarjejeniya a fili: addu'a da ruƙiya su ci gaba, amma babu duka, babu ɗauri, babu hana abinci, babu cewa a daina shan magani, kuma duk wanda ya daina ci da sha, ko yake barazana ga ransa ko ran wani, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da ruɗewarsa, a miƙa shi asibiti a ranar. Wannan alama ta ƙarshe tana da muhimmanci a yankin da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ke yawan aukuwa, domin ruɗewar da suke kawowa tana kama da tashin iska, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya zama ajali.

Yara su ne aka fi mantawa da su a wannan fanni, duk da cewa kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa na manya suna farawa ne kafin shekara 14, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura. Yaro ba ya cewa yana cikin damuwa. Halinsa ne ke canzawa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, mai ƙoƙari a aji ya koma baya, mai surutu ya yi shiru, mai sanyin hali ya zama mafaɗaci, kuma amsar da ya fi samu a gida da makaranta ita ce bulala. Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ko tattara hankalinsa saboda yadda ƙwaƙwalwarsa take, a sa masa suna mai ƙiriniya. Akwai wanda haruffa ke rikice masa duk da kaifin basirarsa, a kira shi daƙiƙi har ya yarda ya bar karatu. Mafi ban takaici shi ne mai farfaɗiya, wanda ake watsewa a bar shi idan ya faɗi, saboda imanin da ya yaɗu cewa ana ɗaukar ciwon ta hanyar kumfar bakinsa, abin da ba gaskiya ba ne, har wasu su faɗa wuta ko ruwa a gaban mutane, wasu kuma a cire su daga makaranta. Farfaɗiya ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani a kan kari. Malamin firamare ko na makarantar allo da aka koya wa ya kwantar da yaron a gefensa, ya kawar da abin da zai ji masa rauni, kada ya cusa masa cokali ko ya ɗura masa ruwa, ya kuma aika wa iyaye su kai shi asibiti, ya yi wa yaron abin da babban asibitin da ke nisan kilomita 200 ba zai iya yi masa ba.

Rashin tsaro ya ƙara wa wannan nauyi wani nauyin. Daga Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, zuwa Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, ɗaruruwan ɗalibai sun shiga hannun masu garkuwa, kuma abin da aka saba gani bayan sakinsu shi ne hoto a gidan gwamnati, da sababbin tufafi, da gwajin lafiya na kwana ɗaya ko biyu, sannan a miƙa su ga iyaye. Alamomin firgici kuwa, wato mafarkai masu ban tsoro, da zabura idan an ji ƙarar babur, da ƙin kusantar makaranta, sukan bayyana ne ko su tsananta bayan an watse, lokacin da babu sauran jami'in da ke waiwayarsu. Waɗannan ɗalibai ma su ne aka san da zamansu. Yaran ƙauyukan da aka ƙona a Zamfara da Katsina da Sakkwato, da waɗanda suka tashi a sansanonin gudun hijira na Borno ko suka tsallaka zuwa jihohin Maraɗi da Diffa a Nijar, ba su da ko wannan hoton. Gidauniyar Neem, wadda Dakta Fatima Akilu ta kafa, ta gwada kai masu ba da shawara cikin unguwannin Borno a kan Keke Napep maimakon jiran mutane su zo ofis, kuma Jami'ar Ibadan tana da cibiyar horar da ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta assasa. Ana bukatar irin wannan cibiya a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, domin tattaunawa da yaron da ya firgita aiki ne da ba ya yiwuwa ta bakin tafinta.

Shaye-shaye yana da alaƙa da duk abin da ya gabata, domin saurayin da ke shan tiramadol ko matar auren da ke shan kodin sau da yawa wani ciwo suke ƙoƙarin dannewa. Binciken ƙasa na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma 1 cikin kowane 4 mace ce. A shekarar 2018 aka haramta maganin tari mai kodin, amma haramci yana rage kaya ne a kasuwa, ba ya warkar da wanda jikinsa ya riga ya saba, kuma wuraren jinyar da za su karɓi mace cikin sutura da sirri sun yi ƙaranci ƙwarai. Haka nan sashe na 231 na kundin laifuffuka na Arewa, wanda aka sani da Final Kod, da sashe na 327 na takwaransa na Kudu, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa iyali su ɓoye wanda ya sha fiya-fiya maimakon su garzaya da shi asibiti. Ƙasar Gana ta soke irin wannan hukunci a shekarar 2023, kuma soke shi ba ya nufin halatta aikin, wanda addini ya riga ya yi hukunci a kansa. Yana nufin a bar likita ya riga ɗan sanda isa wurin.

Ragowar magana ta kuɗi ce da ta iko. Ƙananan asibitoci suna ƙarƙashin jihohi da ƙananan hukumomi, saboda haka dokar tarayya ba za ta yi tasiri a mazaɓa ba sai majalisun jihohi sun yi nasu dokokin, kamar yadda Legas ta yi tun kafin ta tarayya, sun kuma ware wa fannin layi a kasafin kuɗi da jami'in da za a tambaya idan aiki bai gudana ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma manufarsa ita ce a sami asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu, kuma hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi suna da jerin cututtuka da magungunan da suke biya. Kwamishinan lafiyar da ke son a ga aikinsa a wannan fanni zai iya farawa da umartar hukumar samar da magunguna ta jiharsa ta sanya waɗannan ƙwayoyi masu araha cikin kayan da ake kai wa asibitocin mazaɓu, ya sa a ƙara gurbin larurar ƙwaƙwalwa a rahoton wata-wata, ya kuma shirya da asibitin ƙwararru mafi kusa su riƙa tura likita ko ma'aikacin jinya zuwa babban asibitin kowace ƙaramar hukuma a wata rana sananniya, wadda ta fi dacewa ta zama ranar kasuwar garin, tunda a ranar ce motocin ƙauyuka ke shigowa.